Cibiyoyin Masana Masu Ra'ayin Sakar wa Kasuwa Mara da Manufofin Gwamnati: Waiwaye Daga Minna

1.0 Gabatarwa

Akwai wasu cibiyoyi da ba sa tsayawa zaɓe, ba sa riƙe da ma'aikata ko ɗaya, amma shawarar da suka rubuta a takarda takan zama dokar ƙasa. Har yanzu Hausa ba ta tsayar musu da suna guda ba. A nan za a kira su cibiyoyin masana. Wannan maƙala za ta dubi yadda ra'ayin irin waɗannan cibiyoyi ya iso Nijeriya, da abin da ya tarar a Minna.

2.0 Asalin Ra'ayin

A shekarar 1955 Antony Fisher ya kafa wata cibiyar nazarin tattalin arziki a Landan, mai suna IEA, a 1973 kuma aka kafa Heritage a Amurka. Aƙidarsu ita ce gwamnati ta tsame hannunta daga ciniki, ta bar kasuwa ta yanke farashi. Sun daɗe suna magana ba mai saurare, sai da Margaret Thatcher ta hau mulki a 1979, Ronald Reagan kuma a 1981. A wannan shekara ta 1981 ne Bankin Duniya ya fitar da rahoton Elliot Berg, wanda ya ɗora laifin durƙushewar noma a Afirka a kan gwamnatoci da hukumominsu na sayen amfanin gona.

3.0 Zamanin Babangida

Janar Ibrahim Babangida, haifaffen Minna, ya karɓi mulki ranar 27 ga Agusta, 1985, lokacin da bashi ya yi wa ƙasa katutu. Sai ya buɗe muhawara a kan karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Jama'a suka ƙi, daga Zariya kuma Dokta Yusufu Bala Usman ya yi ta rubuce-rubucen suka. A watan Disamba gwamnati ta ce ta bi ra'ayin jama'a, ta fasa karɓar rancen. Amma a tsakiyar 1986 sai ga shirin SAP ɗauke da kusan duk sharuɗɗan da aka ƙi. Wato an ƙi cin biri, an ci dila.

A nan ne ya kamata a lura da wani bambanci. A Ingila da Amurka masu kuɗi ne suka ɗauki nauyin cibiyoyin, su kuma suka yi ta lallashin jama'a shekara da shekaru. A Nijeriya kuwa mulkin soja ne ya tara masanan a gindinsa, kamar kwamitin ba shugaban ƙasa shawara wanda Farfesa Ojetunji Aboyade ya jagoranta. Saboda haka shawara ba ta bi ta majalisa ba, dokar soja ta zama kai tsaye. A Satumba 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, dala ɗaya ta haura naira 4. A 1988 aka kafa kwamitin sayar da kamfanonin gwamnati a ƙarƙashin Dokta Hamza Zayyad. Talaka dai bai karanta rahoton kowa ba. Abin da ya shiga bakinsa shi ne "tsuke bakin aljihu" da "karya darajar naira", a watan Mayu 1989 kuma zanga-zangar ƙin SAP ta ɓarke.

4.0 Abin da Ya Shafi Minna

Cikin hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa a 1977, ta auduga tana Funtuwa, ta gyaɗa tana Kano, ta hatsi kuwa hedikwatarta tana Minna. An rushe su duka a 1986. Gaskiya ne hukumomin sun daɗe suna biyan manoma farashi maras tsoka, don haka masanan ba su yi ƙarya ba. Sai dai ba a tanadi abin da zai maye gurbinsu ba wajen tantance ingancin kaya da kare manomi ranar da farashi ya faɗi, manomin dawa da masara ya koma hannun 'yan baranda.

Cibiya mai zaman kanta ta 'yan kasuwa ba ta samu gindin zama ba sai bayan taron tattalin arziki na farko a 1993, zamanin Cif Ernest Shonekan, wanda ya haifi ƙungiyar NESG a 1996. Daga baya salon ya sauko jihohi: Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu (2007 zuwa 2015) ya ɗora burinsa na sanya Jihar Neja cikin jihohi uku mafiya ƙarfin tattalin arziki kafin 2020 a kan haɗin gwiwa da 'yan kasuwa.