Zambar Ashirin: Tarihin Lambar 20,000 a Lissafin Wuri

Zambar ashirin, wato 20,000, ita ce babbar ƙididdigar kuɗi a kasuwannin ƙasar Hausa a zamanin wuri. Wuri 20,000 ake ƙunshewa cikin jakar kaba guda, a kira ta keso. Da irin wannan ƙunshi fataken goro suke lissafi a hanyar Kano zuwa Gwanja, hanyar da wani reshenta ke ƙetare Kwara ta ƙasar Yawuri, masarautar da Ngaski da Shanga suke cikinta a yau.

Wurin kansa baƙo ne. Daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, kuma a nan ba a shirya shi a zare, sai dai a zube a ƙirga. Matafiyi Heinrich Barth ya ga yadda ake yi a Tasawa a 1851: ana jan wuri biyar-biyar da yatsu, ashirin ta zama hauya, hauya goma ta zama tsibi na metan. Tsibi 100 ke nan a keso guda. A Kano a shekarar, wuri 2,500 ake canjin dalar azurfa ɗaya, saboda haka keso dala takwas ne cif.

Ba banza lambar ta dace da hannun mai ƙirga ba. In aka farfasa ta, ba abin da ke cikinta sai 2 sau biyar da 5 sau huɗu (32 × 625). Lambobi 30 ne ke raba ta ba saura. Idan aka tara su duka ban da ita kanta, za a sami 29,203, sun zarce ta. Irin wannan ce Nikomakus, masanin lissafi da ya rubuta da Girkanci wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya sa a rukunin lambobi masu yalwa, rabon da ya shiga Larabci ta fassarar Sabit bin Ƙurra a Bagadaza.

Rauninta guda ne: uku ba ta raba ta. Mai fitar da zakkar ɗaya cikin arba'in zai sami 500 ba gardama, tumunin gado ya ba da 2,500, amma sulusi da sudusi kowanne sai ya bar wuri biyu a ƙasa. Malamin rabon gado ya fi ɗan kasuwa jin wannan.

Daga shekarun 1840 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wurin Zanzibar a gaɓar Afirka ta Yamma, darajarsa ta yi ta zubewa. Turawan Ingila sun hana shigo da shi a 1904, sule da kwabo suka karɓi kasuwa a hankali. Ƙirga da jaka bai mutu ba: a zamanin fam, jaka guda fam 100 ce, da naira ta zo a 1973 ta koma naira 200.