Abin da ke Ƙarƙashin Gawon Agiye

Manomin Agiye bai jira masana ba kafin ya san cewa hatsin da ke gindin gawo ya fi na fili kai, kuma gonar da aka haɗa gero da wake ba ta saurin gajiya. Abin da ido bai nuna masa ba shi ne dalili. A saiwar wake da gyaɗa da gawo akwai ƴan ƙulle-ƙulle, cikinsu ƙwayoyin halitta ne masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mai da shi abincin shuka. Sai a 1888 Beijerinck, masani ɗan ƙasar Holan, ya ware waɗannan ƙwayoyi ya raine su. A ganina tarihin gonakin wannan yanki, lalacewarsu da farfaɗowarsu, ya rataya ne ga yadda aka bi da masaukin waɗannan halittu.

Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935 ta ɗora ikon itatuwa a hannun hukuma, Nijar kuma ta ci gaba da wannan tsari bayan samun ƴanci. Itacen da mutum zai biya tara a kansa ba ya renonsa. Ga kuma kasuwar gyaɗa ta Maraɗi da garmar shanu, waɗanda suka koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta tarar da ƙasa tsirara, rana ta ƙone fuskarta. Gyaran ya faro wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo na ƙungiyar SIM a Maraɗi ya lura cewa kututturan da ake sarewa duk shekara rayayyu ne. Aka riƙa barin tohon da ya fi ƙarfi, ana rage sauran. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma ƙauyen Ɗan Saga a nan Agiye ya yi suna a kansa, da kwamitocin da suke tsaron itatuwa. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da suka sake tsirowa a kudancin Nijar ta wannan hanya.

Wani zai ce albarkar gindin gawo daga kashin dabbobin da ke shan inuwa take, da ganyen da yake zubarwa da damina. Gaskiya ne, amma ganyen daga ina ya samo ƙarfinsa? A wani bincike da suka wallafa a 1992, Dupuy da Dreyfus sun tono ƙarƙashin gawo a Senegal, suka tarar da ƙwayoyin nan masu kamo naitirojin har zurfin mita 34, kusa da ruwan ƙasa, inda fari ba ya kaiwa. Kututturen da aka bari da rai yana nan haɗe da abokan zamansa na tun fil azal, abin da dashen da aka ɗauko cikin leda ba shi da shi, kuma dashe da yawa sun mutu a shekarun farin.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne cewa ƙasar jigawa ba ta da isasshen sinadarin fosfora, kuma ƙwayoyin ba sa ƙirƙirarsa. Haka ne, shi ya sa ɗan takin zamani a ramin shuka yake da amfani. Sai dai takin da aka zuba a rairayi marar saiwa ruwan sama kan tafi da shi ƙasa, a ƙarƙashin gawo da sabara kuwa akwai zaren naman gwari da ke manne da saiwa, yana tattaro shi ya miƙa wa hatsi.