Zaiba a Indiya, Kanwa a Ƙasar Hausa

Kalmar kimiyya da muke amfani da ita yau ta fito ne daga Larabci, kuma a can asali tana nufin fasahar juya baƙin ƙarfe ko dalma su koma zinariya. Masu wannan fasaha ba dukiya kaɗai suka nema ba, har da maganin tsufa.

A Indiya wannan nema ya zama fanni mai zaman kansa, wanda ake kira rasayana. Al-Biruni ya yi bayaninsa a littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, inda ya ce masu shi suna da'awar mayar wa tsoho ƙuruciyarsa. Daga baya littattafai irin su Rasarnava suka ɗora zaiba bisa kowane magani. Akan niƙa ta da farar wuta, a ƙona sau da yawa har ta zama toka, sa'an nan a sha. A ƙarshen ƙarni na 13 Marco Polo ya ruwaito cewa waɗansu masu zuhudu na Indiya suna shan wannan haɗi sau biyu a wata, wai suna kai shekara 150 ko 200.

Bahaushe bai nemi dawwama a cikin magani ba, domin ya yi imani ajali ba ya jinkiri. Abin da ya nema shi ne lafiya da ƙarfin jiki, kuma shi ma ya sha abin da ba abinci ba. Malami yakan rubuta ayoyi a allo da tawadar gawayi da ƙaro, a wanke a sha. Kanwa kuwa fatake ne suke ɗauko ta daga Manga da gaɓar Tafkin Chadi zuwa kasuwannin Kano da Zariya. Wani babban gurbinta shi ne jego: kwana arba'in maijego tana wankan ruwan zafi, tana kwana a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, tana shan kunun kanwa don jiki ya koma, nono kuma ya kawo.

A shekarun 1970 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka lura da yawan masu jego da ake kawowa asibitin koyarwa na Zariya da ciwon zuciya da kumburi. Suka danganta hakan da gishirin da ke cikin kanwa, haɗe da zafin da ke ƙara wa zuciya nauyi. Haka kuma a 2004 wani bincike a Boston ta Amurka ya sami dalma ko zaiba ko arsenik a cikin 14 daga magungunan gargajiyar Kudancin Asiya 70 da aka gwada.

Kaka mai dama kunun kanwa ƙauna ce ta sa ta, ba mugunta ba. Sai dai daɗewar al'ada ba ta auna mata yawan kanwar da zuciyar jikarta za ta iya ɗauka.