Hunturu a Gidajenmu: Tarihin Renon Yara Cikin Ɗari a Ƙasar Kabi

Duk wanda ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san cewa shekara a wurinmu ba a kan kalanda take juyawa ba, a kan iska take juyawa. Da zarar an shiga watan Nuwamba, ruwan fadama ya fara janyewa, sai iskar gabas ta taso, hazo ya rufe tudun Dukku har mutum ya kasa hango ƙetaren gulbi. Daga nan zuwa ƙarshen Fabrairu gida yakan sauya kama. Marubuta tarihi sun yi mana bayani mai yawa a kan Kanta da Surame, da yadda rundunar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kebbi a 1805, da yadda Kabawa suka mai da Argungu mazauninsu. Amma tarihin ɗaki da tsakar gida, wato yadda uwa ta fitar da jaririnta daga watannin ɗari da rai da lafiya, ba kasafai ake rubuta shi ba. Shi muke son mu ɗan taɓa, musamman saboda 'yan'uwanmu na Legas da Abuja da Fatakwal, waɗanda 'ya'yansu ba su san wannan ƙasa ba sai a hutun Disamba.

Ita wannan ƙura da ke sauka a kan randunanmu daga nesa take. Masana yanayi sun gano cewa mafi yawanta daga wani kwari take tashi a arewacin Chadi, mai suna Bodele, wanda a da can ƙasan babban tafki ne da ya ƙafe. Iska ce ke kwaso ta, ta ratsa Nijar, ta zube mana, har wani kaso nata ya haye teku zuwa Amurka ta Kudu. Da yake iskar ba ta ɗauke da laima, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere da dare. Shi ya sa garin da a watan Afrilu zafinsa ke wuce digiri 40, a Janairu wasu darare yakan sauka ƙasa da 15. Bature zai yi dariya idan aka kira wannan sanyi. To, amma ya tuna cewa gidajenmu da tufafinmu don zafi aka yi su, kuma jikin jariri ba ya riƙe ɗumi kamar na babba.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, a zamanin kakanninmu hunturu lokaci ne da gida ke komawa hannun mata da tsofaffi. Ana gama yankan shinkafa a fadama, a kai gero da dawa rumbu, sai majiya ƙarfi su ɗaura kaya su tafi cin rani. Wani masanin labarin ƙasa ɗan Birtaniya, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a kan hanyoyin Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka lissafa matafiya fiye da 250,000, wasunsu sun nufi ƙasar Yarbawa, wasu har Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Gwandu da Argungu a lokacin suna cikin wannan lardi. Saboda haka a gidaje da yawa, wadda ke tashi da asuba ta hura wuta, ta auna hatsi, ta san wane yaro ne ya kwana da tari, ita ce uwa, sai kuma kaka da ke sa mata ido. Mu da muka tashi a shekarun 1960 mun tarar da ƙarshen wannan tsari.

Ginin gidan ma yana da nasa aiki. Katangar ƙasa mai kauri tana shan rana ta yini, ta riƙa sakin ɗumin sannu a hankali har tsakar dare. Ɗakin ba shi da taga sai 'yar ƙaramar kafa a sama. A ɗakunan tsofaffi da masu jego akwai gadon ƙasa, wanda aka bar wa rami a ƙarƙashi don zuba garwashi, a shimfiɗa tabarma a kai. Wanda bai da shi sai kaskon wuta. Abin rufa kuwa gwado ne na saƙi, mai nauyi, wanda sau da yawa audugarsa matan gidan ne suka kaɗa da mazari. Yara uku ko huɗu sukan shiga gwado ɗaya, kuma rigimar dare ba ta wuce ta wanda ya ja ya bar ɗan'uwansa a waje. Jariri shi ne ya fi kowa gata, domin da rana yana goye a baya cikin zane da majanyi, da dare yana jikin uwa. Likitocin zamani sun zo sun tabbatar da cewa haɗa jikin jariri da na uwarsa yana daga cikin hanyoyi mafi inganci na hana shi yin sanyi, har ana koyar da shi a asibitoci saboda bakwaini. Iyayenmu ba su jira an koya musu ba.

Safiya ita ce babbar jarrabawa. Kafin gari ya waye an tura yara makarantar allo, inda ake kewaye wutar kara, gaba na gasuwa baya na daskarewa, ana biya karatu da hasken harshen wuta. Kowane almajiri yana da aikin kawo kara ko itace tun da yamma. Idan aka dawo gida sai ɗumamen tuwon jiya, ko kunun tsamiya mai zafi, ko koko da ƙosai ga mai hali. Wanka ba a yi wa ƙananan yara shi sai rana ta ɗaga, da ruwan da aka ɗora a kan murhu bayan an sauke tukunya. Daga nan sai shafa. Man shanu daga Fulani, man kaɗe daga kudancin ƙasarmu wajen Zuru da Yawuri inda kaɗanya ta fi yawa, ana mulke yaro da shi tun daga goshi har dunduniya, a ɗan sa masa a hanci don kada ya yi haɓo. Yaron da ya tsere wa wannan shafa, kowa zai gane shi a hanya: fari fat kamar an tono shi daga toka, leɓe a tsage, ƙafa duk faso. Mu malaman firamare da muka fara aiki a zamanin UPE, wato shirin ilimi kyauta na 1976, mun sha ganin wannan a layin safe. Da duban ƙafafun yara kawai malami yakan san gidan da uwa ke kwance ba lafiya, ko gidan da babu uwar ma gaba ɗaya.

A wannan lokaci ne kuma ake yi wa yara maza kaciya, galibi suna da shekara shida zuwa takwas, a tara su rukuni guda wanzami ya yi musu, saboda an lura miki ya fi saurin warkewa cikin sanyi. Ana killace su, ana ba su kaji da abinci mai kyau, abin da ya sa ƙannensu kan yi ta ƙorafin yaushe nasu zai zo.

Amma daɗin hunturu da dare yake. Babu aikin gona, rumbu a cike, dare ga tsawo. Bayan an ci tuwon shinkafa da miyar kuka, ko da ɗan busasshen kifi, sai yara su taru a ɗakin kaka. Nan ake jin labarin Gizo da Ƙoƙi, da Botorami, da kurar da kwaɗayi ya kai ta ya baro, a bi da kacici-kacici, ana gasa dankali ko gyaɗa a toka. An hana yin tatsuniya da rana, ana ce wa yaro zai ɓata, kuma a ganinmu dabara ce ta hana shi barin aike ya zauna hira. A matsayinmu na waɗanda suka shekara da shekaru suna koyar da Hausa, muna iya cewa a wannan ɗaki yaro ke koyon jera magana daga farko zuwa ƙarshe, da sauraro har mai magana ya dire, da riƙe abu a ka. Waɗannan su ne abubuwan da malami ke wahalar dasawa a aji. Darajar wannan taska ta sa wani jami'in mulkin mallaka, Frank Edgar, ya tattara ɗimbin tatsuniyoyi da labarai, da yawansu daga Lardin Sakkwato, aka buga su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Abin da ya shiga takarda ya tsira. Abin da ya rage a bakin tsofaffi kuwa yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa da ta fi yanzu ta kowace fuska. Ba haka ba ne. Hunturu lokacin makoki ne a gidaje da yawa. Baƙon dauro yakan shigo unguwa a rani ya bi gida gida, ya tafi da yara, ya bar wasu da makanta. Tarin shiƙa da ciwon haƙarƙari suna nan. Idan sanyi ya fara ja baya, ƙura ta haɗu da zafi, sai sanƙarau ya biyo, kuma ba mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, mafi yawansu a Arewa. Ga gobara: dangar kara, jinkar ciyawa, iska mai ƙarfi, garwashi ɗaya ya isa ya cinye shiyya guda. Yara masu rarrafe da suka faɗa kaskon wuta ba su ƙirguwa, har yau akwai dattawan da ke ɗauke da tabon. Hatta gadon ƙasa da wankan jego da kunun kanwa, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun nuna tun a shekarun 1970 cewa yawan zafi da yawan kanwa suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Al'ada ce da aka yi da kyakkyawar niyya, amma ta ci rayuka.

Abin da ya rage wannan asara shi ne allura. An kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da haka a 1980. Rigakafin baƙon dauro ya shiga tsarin allurar yara. An fara ba da sabuwar allurar sanƙarau nau'in A a Arewacin Nijeriya a 2011, ta kusan shafe wannan nau'i, ko da yake wani nau'in, wato C, ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu a 2017. A 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Duk wanda ya san yawan ƙananan kaburburan da ake haƙawa a da tsakanin Janairu da Afrilu ba zai yi wasa da katin rigakafi ba.

Babban sauyin gidajenmu ya zo ne bayan 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato, gari ya faɗaɗa, unguwanni irin su Badariya da Gesse da Bayan Kara suka cika da gidajen bulo da kwano. Gobarar jinka ta ragu ƙwarai. Sai dai kwano ba ya riƙe ɗumi: da rana tanda, da dare ƙanƙara. Gwado ya ba bargon kanti wuri, rigunan sanyi na gwanjo suka cika kasuwa, kuma wannan alheri ne, domin yau da wuya ka ga yaro a layin safe da 'yar shara kaɗai kamar yadda muka saba gani. Basilin ya kori man shanu. Cin rani ma ya sauya, tun da injin ban ruwa ya shiga fadama, balle bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a nan Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Magidanta da dama yanzu a gida suke yin hunturu, suna fama da shinkafar rani. Ɗakin kaka kuwa talabijin ya fara raba shi da jama'arsa, finafinan bidiyo suka biyo a shekarun 1990, wayar hannu da ta shigo a 2001 ta ƙarasa.

Akwai haɗari ɗaya da sabon gini ya ƙara wa ƙarfi, kuma shi ya fi damunmu. Tsohon ɗaki yana da kafa a sama da asabari a ƙofa, iska na zagayawa ko ba a so. Sabon ɗaki yana da silin da tagar gilashi da ƙofar ƙarfe. Idan aka shigar da gawayi cikinsa aka kulle, gawayin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma ƙananan yara take fara kayarwa. Hayaƙin janareta da aka ajiye a baranda ko kusa da taga shi ma haka yake. Tsadar kananzir da gas, musamman bayan cire tallafin mai a 2023, ta mai da gidaje da yawa kan gawayi da itace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya, ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 740,000 a duniya a 2019, kuma hayaƙin cikin ɗaki yana cikin abubuwan da ke jawo shi. Alamarsa ita ce numfashi da sauri da lotsawar ƙasan ƙirji idan yaro ya ja iska. Wannan ba na jiƙo ba ne, ba kuma na jiran gari ya waye ba ne, na asibiti ne nan take.

'Yan'uwanmu da ke shirin kawo iyali gida a Disamba su sani cewa yaron da ya tashi a laimar Legas ko Fatakwal yakan sha wuya a makon farko: haɓo, tsagewar leɓe, tari, ga mai asma kuma abin ya fi tsanani. A zo da maganinsa da katin allurarsa, a zo da hula da safa. A ɗumama ɗaki tun da yamma, a fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga ɗaya a ɗan buɗe. Idan kuma akwai sauran tsohuwa a gidan, a karɓe wayoyin bayan sallar isha'i a tura mata jikokin. Za ta ce ta manta, amma in aka zuba mata gyaɗa a toka aka ɗan jira, Gizo zai fito.