Zare da Ƙawanya: Tarihin Fatsa daga Dallol zuwa Gulbin Kabi

Wanda ya tashi a Geceme, ko Lido, ko ɗaya daga cikin garuruwan da suka jeru a bakin Dallol Mawuri, in aka ce masa ƙasarsu tana da rabo a tarihin su, wato kamun kifi, ba mamaki ya yi shakka, domin abin da idonsa ya saba gani shi ne gero da wake a tudu, rake da rogo a fadama, giginya da goriba a tsaitsaye, babu kogi mai gudu, balle jirgin masunta. Amma kuwa wannan kwari da muke noma a cikinsa tsohuwar hanyar ruwa ce, wadda a zamanin da Sahara take da damshi take kwaso ruwa daga arewa, ta bi ta Dogon Dutsi da Tibiri, ta ratsa nan mazaunin sarautar Takasaba, ta haɗu da Dallol Foga mai gishiri, kana ta zube cikin Kwara a ƙasan Gaya. Kogin ya ƙafe tun kafin a fara ƙidayar sarakuna, sai dai ruwan bai yi nisa ba, shi ya sa rijiyar fadama ba ta neman doguwar igiya, kuma da zarar damina ta kankama tabkuna sukan cika, tarwaɗa ta bayyana. Gaiwa kuwa, wadda take cikin abubuwan al'ajabi na halittar Ubangiji, ba ta barin wurin ko da ruwa ya janye. Sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙinta har ya bushe ya zame mata kube, ta bar ƴar kafar numfashi, ta yi kwance wata da watanni, har ruwa ya dawo ko mai fartanya ya riga shi isa gare ta.

Duk da haka, Arawa manoma ne da mafarauta da mayaƙa, su a wurinsu aikin ɗan lokaci ne, na ranar da tabki ya fara janyewa aka fita aka tare shi. Sana'ar kanta, da ilminta da sarautunta, tana gabas da mu a ƙasar Kabi, wadda Kanta ya kafa daularta a farkon ƙarni na 16, kuma wadda tarihinmu ya sarƙe da nata, musamman tun 1849, sa'ad da Yakubu Nabame ya yi wa Gwandu da Sakkwato tawaye, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata daga bisani ta raba haraji da hukunci, amma ba ta raba kasuwa ba, don haka bandar kifin Gulbin Kabi ba ta fasa isowa wurinmu ba. A can ne Sarkawa suke, waɗanda asalinsu ke komawa ga Sorko na ƙasar Songai, suka zauna a Kabi har Hausa ta zama harshensu, suka riƙa bin kifi da jiragensu sama da ƙasa a kan Kwara, kamar yadda Bafaranshen nan Jean Rouch ya bayyana a wani rubutu da ya buga a 1950. A ƙarƙashin Sarkin Ruwa, ruwa yana da lokacin rufewa da lokacin buɗewa, ba mai jefa taru kafin a yi fashin ruwa. Kuma in aka tace wannan al'ada daga abin da malamai suka yi inkarinsa na tsafi, abin da zai rage maslaha ce tsantsa, wato a bar kifi ya hayayyafa. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama a Argungu domin ƙarfafa sulhu bayan doguwar gaba, har yau da homa da gora ake faɗa wa ruwa a cikinsa.

To, in mutum ya duba kayan aikin magabata da idon basira, taru ne ko kalli, birgi ne ko homa, ko mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi marasa koto da ake shimfiɗa wa kifi a hanyarsa, zai tarar dukkansu a kan abu guda suka rataya, shi ne zare. Da rama da auduga ake yin sa, da kuma wani irin wake da ake kira yawa, wanda ake nomawa don zarensa ba don ƙwayarsa ba. Masunci ya zauna a inuwa yana murzawa a cinya, yana gwada ƙarfinsa da hannu taƙi bayan taƙi, domin ya san wuri guda mai rauni ya isa ya raba shi da abincin iyalinsa. Maƙeri ya ƙera ƙugiya, masunci ya shanya zarensa bayan kowace fita don kada ya ruɓe. Fatsa ita ce ƙanƙanuwar cikinsu, kayan yara da tsofaffi: sanda, da zaren da aka ɗaure a bakinta, da guntun kara mai yawo bisa ruwa, da tana a ƙugiya. Ba ta buƙaci ƙawanyar da zare zai bi ta cikinta ba, saboda zaren ba ya gudu a jikin sanda, iyakar tsawonsa iyakar inda mai ita zai iya kaiwa.

Nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya bayyana a 1938, shi ya rushe wannan tsari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ba ya ruɓewa, ba ya neman murza, kifi ba ya ganinsa sosai, kuma ba zan musa cewa rahama ne ga talaka ba. Amma da aikin zare ya yi sauƙi sai idon raga ya yi ta ƙanƙancewa, har aka kai ga masu jan gidan sauro a tabki suna kwashe ƴaƴan kifin da ba su kai yatsa ba. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu cewa abin ruwa halal ne ba tare da yanka ba, amma ba wanda ya karantar da mu cewa halaccin abu yana halatta israfi a cikinsa. Kuma dokar kamun kifi da Nijar ta kafa a 1998 ƙoƙari ne na mayar da wani ɓangare na iyakar da Sarkin Ruwa yake tsarewa tun da.

Sandar da ke da kwarkwaron naɗe zare da jerin ƙawanyu, wadda yanzu ake gani a hannun samari a bakin Kwara, baƙuwa ce, kuma da yawa daga cikin gyare-gyaren da aka yi mata an yi su ne saboda wani kifi mai farauta na tabkunan Amurka da suke kira bass. Tun farkon ƙarni na 19 masu gyaran agogo na jihar Kentaki, irin su George Snyder, suka shahara da ƙera kwarkwaro mai haƙora. Sandar kuma ta tashi daga katako zuwa tsagaggen itacen gora, daga nan zuwa zaren gilashi bayan yaƙi, sannan zuwa kabon, wanda kamfanin Fenwick ya fito da shi a 1973. Da zare ya fara gudu a jikin sanda sai wata matsala ta kunno kai, wadda duk mai jan guga ya santa: yadda igiya take cin itacen bakin rijiya har ta yi masa gurbi, haka zare yake cin ƙawanyar ƙarfe, in gurbin ya yi kaifi kuma sai ya juyo ya ci zaren. Don haka aka fara sa wa ƙawanya ido na dutsen aƙiƙ, mai santsi amma mai saurin tsagewa, har kamfanin Fuji na Shizuoka a Japan ya yaɗa ido na tangaran mai tauri, wanda shi ne abin dogaro a yau.

Wanda zai haɗa sandarsa da hannunsa, ko ya gyara wadda ya saya, wajibi ne ya fara da tambayar wane kifi yake nufi, domin bass mafi girma da aka rubuta a 1932 ya ɗan haura kilo 10 ne kawai, alhali kifin da ya ci gasar Argungu a 2020 ya kai kilo 78, saboda haka ma'aunin Amurka ba zai zauna daidai a ruwanmu ba sai an yi masa ƙari. In kwarkwaron irin wanda ke rataye a ƙarƙashin sanda ne, zare yana fita daga gare shi yana kaɗawa da faɗi, sai ƙawanyar farko ta zama babba mai doguwar ƙafa don ta tattaro shi, na bayanta su yi ta raguwa har zuwa baki; in kuwa irin wanda ke zaune a bisa sanda ne, zaren a miƙe yake fita, ƙanana sun wadatar, sai dai a ƙara yawansu don kada zare ya taɓa jikin sanda in ta lanƙwasa. Kusa da mariƙi, inda nauyin kifi yake taruwa, mai ƙafa biyu ta fi aminci. Kusa da baki mai ƙafa ɗaya mara nauyi ta fi, domin duk nauyin da aka ɗora wa bakin sanda yana kashe motsinta, ya hana hannu jin lokacin da kifi ya taɓa koto. Masu wannan aiki sukan fara da ƙa'idar ƙawanya ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, da ƙarin ɗaya, amma ƙa'idar mafari ce kawai, hukunci na ƙarshe yana wurin gwaji. A ɗaure ƙawanyun ɗaurin wucin gadi, a zura zare, a ɗaure ƙarshensa a wani abu mai nauyi, a ɗaga sandar a hankali har ta tanƙwaru, sannan a duba ta gefe: in zaren ya bi lanƙwasar sanda salin alin, wuri ya yi, in ya yi kusurwa mai kaifi a tsakanin biyu, ko ya kwanta a jikin sanda, a matso da su ko a ƙara ɗaya. Sai bayan haka ake goge ƙafar kowace ƙawanya da magagari har ta yi fale-fale, a naɗe ta da siririn zare, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa ba tare da hawa kansa ba, a shafe da gam mai tauri, a riƙa juya sandar har ya bushe don kada ya taru gefe guda.

A ganina wannan aiki bai fi ƙarfin hannun mutanenmu ba ko kaɗan, domin badukun da ke naɗa kuben wuƙa da ɗinkin laya ya riga ya mallaki natsuwar da ake bukata, kuma na fi son in ga saurayi ya sayi sanda mai araha ya kwance ƙawanyunta na gwangwani ya ɗaura nagari, da ya zuba kuɗinsa a kan mai ƙyalli wadda za ta tsinke masa zare ranar da ya haɗu da babban kifi. Mai neman tarwaɗa a tabkunan dallol ƙananan ƙawanyu marasa nauyi sun ishe shi; mai zuwa Gaya neman giwan ruwa da zare mai kitso ba shi da zaɓi sai idon tangaran a kan ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda irin wannan zare yana ɗauko rairayi daga ruwa ya yi ta gurzar ƙawanya da shi. Ƙurar hunturu ma tana yin wannan ɓarna, don haka a riƙa ɗauraye su bayan kowace fita, lokaci lokaci kuma a zura ɗan audugar gurya a cikin kowane ido a ja. In ta fito lafiya ido lafiya yake, in ya riƙe ko da gashi ɗaya akwai tsaga a ciki, sai a yanke naɗin a canja ta kafin a koma ruwa.