Tarihin Stomp, Makaɗan Tsintsiya da Bokiti

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, a wannan fitowa ga tarihin wata ƙungiyar wasa ta Ingila mai suna Stomp, wadda ba ta da ganga ko kalangu, sai tarkacen gida.

Luke Cresswell da Steve McNicholas ne suka kafa ta a garin Brighton a 1991, bayan sun yi shekaru suna kiɗa tare a bakin titi. A wannan shekarar suka kai wasan bikin Edinburgh, jama'a suka yi na'am da shi.

'Yan wasan kan fito dandali da shigar leburori, babu mai cewa uffan. Ɗaya zai fara shara, wani ya amsa masa da tasa tsintsiyar, kafin ka ankara shara ta zama kiɗa. Daga nan sai kwalin ashana, da jarida, da murfin garwar shara, har da tafi da buga ƙafa. Barkwancin duk a ido da motsin jiki yake, shi ya sa duk ƙasar da suka je ba sa neman tafinta.

A 1994 suka buɗe wasan a New York, ba a rufe ba sai Janairun 2023, bayan an yi shi fiye da sau 11,000. Sun kuma yi wasa a bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012.

Mu da muka tashi da lugude da kiɗan ƙwarya, wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Abin da suka ƙara shi ne tsari da yawan gwaji. Saboda haka kada ƙannenmu 'yan wasan kwaikwayo su zauna jiran kuɗin ganga, alhali tsintsiya da bokiti na nan a kowane ɗakin kwana.