Dattawan Ikkilisiya: Daga Urushalima Zuwa Potiskum

A majami'un ECWA na Potiskum da ƙauyukanta, fasto yakan zo ya yi 'yan shekaru a sauya masa wurin aiki, amma dattawan ikkilisiya suna nan. Bolewa, waɗanda galibinsu Musulmi ne, irin wannan tsari ba baƙon abu ba ne a gare su: sarkinsu, Moi Fika, wanda fadarsa ta koma Potiskum a 1924, yana mulki tare da majalisa. Sai dai tsarin na maƙwabtansu Kirista ya kusa shekara dubu biyu.

Karon farko da littafin Ayyukan Manzanni ya ambaci dattawan Kirista, maganar yunwa ce. Masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, suka aika Barnaba da Bulus su danƙa ta hannun dattawan Urushalima. Amanar kuɗin mabuƙata ita ce aikinsu na fari, kuma a ganina wannan ya fi kowane bayani nuna ko su wane ne. Wajen shekara ta 49 kuma, da gardama ta tashi kan kaciyar waɗanda ba Yahudawa ba, manzanni ba su yanke hukunci su kaɗai ba, tare da dattawa suka zauna.

Bulus bai cika daɗewa a gari ba. Ya bi ta Listira da Ikoniya, a kowace ikkilisiya shi da Barnaba suka naɗa dattawa, ba mutum ɗaya ba. Ya bar Titus a tsibirin Karita da wannan aiki, da sharuɗɗa masu tsauri: mijin mace ɗaya, mai karɓar baƙi, ba mashayi ba, ba mai saurin fushi ko kwaɗayin kuɗi ba. Duba da kyau, kusan duk hali ne da maƙwabci zai iya shaida. Wasiƙar Yakubu ta ƙara musu zuwa gidan marar lafiya, su yi addu'a su shafa masa mai.

Ba a rasa rikici ba. Wajen shekara ta 96 mutanen Korinti suka tsige wasu dattawansu, har ikkilisiyar Roma ta aiko da doguwar wasiƙar da ake dangantawa da Kilimen, tana neman a mayar da su. Ba da jimawa ba Ignatiyus na Antakiya ya riƙa kira a bi bishop guda, dattawa na kewaye da shi, wannan tsari ne kuma ya rinjaya ƙarnuka da dama.

A nan ƙasarmu kuwa, Mishan ta SIM, wadda ta kafa tasha a Kukar Gadu, ta miƙa ragama ga ECWA da aka kafa a 1954, ita kuwa ta ba dattawa babban matsayi. Nauyin ya bayyana a shekarun tashin hankali. A daren Kirsimeti na 2012 'yan bindiga sun kashe mutum 6 a wani coci a ƙauyen Peri kusa da Potiskum, har da faston. Irin wannan rana, wa zai tara jama'a, ya yi jana'iza, ya duba gwauraye da marayu?

Sunayen Turawan mishan suna cikin littattafai, na waɗannan dattawa kuwa suna bakin tsofaffi kawai. Ya kamata ɗaliban tarihi na Yobe su je su rubuta su tun masu tunawa suna raye.